Dashe Dubu Goma da Bakwai

Wani mutum ne aka yi, aiki ba ya daɗewa a hannunsa. Ba rago ba ne, ba kuma ɓarawo ba. Abin da aka ce ya yi shi yake yi, ba ƙari ba ragi, shi ne kuma yake ja masa kora. An taɓa ɗaukarsa gadin wani kamfani, aka ce kada ya bar kowa ya shiga sai da kati. Ya tsare mai kamfanin a bakin ƙofa har rana ta yi tsaka. An ɗauke shi wankin mota, aka ce ciki da waje. Ya zura tiyo ta taga.

Da ƙyar matarsa ta roƙar masa aiki a wani lambu, inda ake rainon 'yan itatuwa a baƙar leda ana sayarwa. Ranar da zai fara ta raka shi har bakin ƙofa.

Ta ce, "Baban yara, wannan ne na ƙarshe. Duk wanda na sani na riga na roƙe shi. In aka kore ka a nan, ba ni da sauran fuskar da zan kai wa wani."

Ya ce, "Ai ni ban taɓa saɓa umarni ba."

Ta ce, "Shi nake tsoro."

Mai lambun gajere ne, zancensa ma gajere. Ya kai shi bayan rumfa ya nuna masa dashe jibge ba tsari, kamar an juye daga mota. Wani ɗan kwangila ne ya yi oda, zai shuka a gefen sabon titi. Injiniyansa ya auna titin ya ce dubu goma da bakwai ake so. An ƙirga, an cika.

Mai lambu ya ce, "Ka jera su a filin nan, layi-layi. Kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Mutumin nan ba ya ƙirga ɗaya-ɗaya. Layuka yake ƙirgawa, ya ƙirga na cikin layi guda, ya ninka, ya shiga mota. In ya ga wani dashe tsaye a gefe ba shi da layi, cewa yake an yi masa coge. Kada ka bar ko ɗaya a gefe. Ka ji?"

"Na ji, Yallaɓai."

"Tafiya zan yi. Ƙarshen mako tare da shi zan dawo. In ya yi, aiki naka ne. In bai yi ba, ka san ƙofar da ka shigo."

Ya miƙa masa baro da igiya, ya tafi.

Gogan naka ya naɗe ƙafar wando. Ya ja igiya, ya fara da ɗari-ɗari. Layi ɗari suka fito cif, gwanin kyau. Ya juya, ga bakwai tsaye a gefe kamar waɗanda suka makara.

Ya rushe. Ya yi hamsin-hamsin. Bakwai suka rage. Ya yi ashirin-ashirin. Bakwai.

Ya tsuguna a gabansu ya ƙare musu kallo. Ya ce, "Na gane ku."

Sai ya kwashe bakwan nan ya fara jera su a sahun gaba, don kada su sami hanyar zamewa. Ya bi sauran ya jera. Da ya kai ƙarshe, wasu bakwai ne daban suka rage.

Ya ce, "Ashe ƙungiya ce."

Ya sauya dabara. Biyu-biyu, ɗaya ya rage. Uku-uku, biyu suka rage. Huɗu-huɗu, uku. Ya ga abin gaba yake yi. Ya ce tunda bakwai ce fitinar, bari a ba ta abin da take so. Ya yi bakwai-bakwai. Huɗu suka rage. Haka ya yi ta yi, ya jera ya rushe, ya jera ya rushe, har ya kai sha uku-sha uku. Tayar baro ta fara kuka. Bayansa ya riga ta.

Matar ta ga yadda yake shigowa gida a lanƙwashe, kamar mai neman allura a ƙasa. Ta ce ya je wajen ƙaninta, malamin lissafi ne a makarantar unguwa.

Ya same shi a baranda, jan biro a hannu, yana duba takardun ɗalibai.

Malamin ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. An kore ka ne?"

"Tukuna."

"To madalla. Ka kafa tarihi."

Gogan ya zauna da ƙyar, dafe da ƙugu, ya zayyana masa komai. Malamin ya juya bayan wata takarda ya rubuta lambar. Ya ƙura mata ido. Sai ya fara murmushi.

"Yaya, ka san abin da ka ɗauko kuwa?"

"Ciwon baya."

"Duba nan. Da farko mara ce, ba cika ba. Ke nan biyu ba ta raba ta, haka huɗu, haka shida, duk danginsu. Ba ta ƙare da biyar ko sifili ba, biyar ta fita. Haɗa ɗaya da bakwai, takwas ke nan. Uku ba ta raba takwas, to ba za ta raba uwar ba."

"Wannan duk na sani. Da baro na gano."

Malamin ya ajiye biro. "Kana nufin jerawa kake yi kana rushewa?"

"To da me zan yi?"

"Da takarda mana."

"Mai lambu bai ba ni takarda ba. Baro ya ba ni."

Malamin ya duƙa kan takardar yana rabawa yana sokewa. Sha bakwai, sha tara, ashirin da uku. Ya yi ta gangarawa har casa'in da bakwai, ya ja layi.

Ya ce, "Ba sai na wuce nan ba. In da akwai mai raba ta, da ya bayyana kafin ɗari da ɗaya, don ɗari da ɗaya sau ɗari da ɗaya ya riga ya wuce ta. Babu. Yaya, wannan tana cikin lambobin da ba sa rabuwa. Ba mai raba ta sai ɗaya, sai kuma ita kanta. Kuma duk cikin lambobi masu gida biyar, ita ce ta fari a irinta. Sai mutum ya yi shekaru yana koyarwa bai ci karo da ita a hanya ba. Dubi yadda ta tsaya, don Allah."

"Ni ba aurenta zan yi ba. Jera ta zan yi."

"Ba ta jeruwa."

"Ko na kai dubu-dubu?"

"Ko jikokinka sun karɓi baron."

Gogan ya ce, "Wa ya ɓata ta haka?"

"Ba wanda ya ɓata ta. Haka take."

"Ba ta da magani?"

"Ka rage mata."

"An ce kada in bar ko ɗaya."

"To ka ƙara mata. Nemo ɗaya ka ɗora, ka ce gyara ne. Ba mai sayen da zai yi fushi don an ƙara masa. Dubu goma da takwas mai sauƙin kai ce. Layi saba'in da biyu, kowanne ɗari da talatin da tara. Kawo hannunka."

Ya rubuta masa da jan biro a tafin hannu. Ranar gogan da cokali ya ci abinci, bai yarda ruwa ya taɓa hannun ba.

Jikin lambunsu akwai wani lambun, na wani tsoho mai irin itacen. Da safe gogan ya nufi can. A hanya yana tunani. Mutum ya sayi dubu goma, a ba shi gyara ɗaya tal? Ai sai a ce mai lambu marowaci ne. Shi kuwa ba zai zubar wa ubangidansa mutunci ba.

Ya ce, "Baba, aron dashe biyu nake so."

Tsohon ya ce, "Aron dashe? Me za ka yi da su?"

"Lissafi."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya nuna masa biyu da ƙafa.

Ya ja igiya ya jera yadda aka rubuta masa. Layi saba'in da biyu, kowanne ɗari da talatin da tara. Fili ya yi kyau kamar sojoji sun fito fareti. Ya miƙe yana share gumi, ya waiwaya. Ga ɗaya zaune cikin baro, ganyensa yana kaɗawa.

Ya dube shi. Ya koma wajen malami.

"Ƙanina, iliminka bai ci ba. Ɗaya ya rage."

"Ba zai yiwu ba. Nawa ka ƙara?"

"Biyu."

"Ɗaya na ce!"

"Na ga abin alheri ne, na ƙara."

Malamin ya rubuta sabuwar lambar, ya yi 'yan soke-sokensa. Sai ya kwashe da dariya har biro ya faɗi.

"Dubu goma da tara! Yaya, ita ma ba ta rabuwa. Irin waɗannan, da biyu ce kaɗai a tsakaninsu, tagwaye ake ce musu. Daga rami ka yi tsalle ka faɗa rami, ga tudu a tsakiya ka tsallake shi."

"Ita ma ba ta jeruwa?"

"Ba ta jeruwa. Amma tana da nata kyan. Ɗari sau ɗari ce, da uku sau uku. Ka ga, babban fili daidai ta kowane ɓangare, da ɗan ƙaraminsa a gefe."

"A gefe?"

"A gefe."

"To ba ta yi ba."

"Ka mayar wa tsoho ɗaya, magana ta ƙare."

Gogan ya koma lambu. Ya zaro na aro da ke cikin layi, ya ajiye shi kusa da na baro. Ya tsaya a kansu. Tsawo ɗaya, ganye ɗaya, leda ɗaya. Ya juya wannan, ya juya wancan. Ya rasa wanne ne mai laifin. Shi kuwa ba ya son zalunci. Ya kwashi duka biyun ya kai wa tsoho.

Tsohon ya ce, "Lissafin ya fita?"

"Akwai mai ɓata aiki a cikinsu, Baba, ban gane wanne ba ne. Ka sa musu ido."

Da ya dawo ya ga layin ƙarshe da giɓi, kamar bakin da aka cire wa haƙori. Ya ce ashe ɗaya ake bukata. Ya juya wajen tsoho. Ya tarar an rufe ƙofa, an saki kare.

Gobe ne kuwa zuwan ɗan kwangila.

Da yamma yana zaune gaban kwano, ya kasa ci. Matar ta zauna kusa.

Ta ce, "Me ƙanin nawa ya ce ne, tun farko?"

"Cewa ya yi ba mai raba ta sai ɗaya, sai ita kanta."

"To?"

Cokali ya tsaya masa tsakanin kwano da baki. Ya ce a hankali, "Sai ɗaya."

Ta ce, "Baban yara, wannan kallon na san shi. Shi ka yi ranar wankin mota."

Ya ce, "Ƙaro miya."

Gari na wayewa ya rushe layukan nan duka. Ya kafa turke a kusurwar fili, ya ɗaura igiya, ya fara jera layi guda. Leda jikin leda. Layi ya ratsa fili, ya wuce rumfa, ya kai ƙofar lambu. Dashe ko alamar raguwa bai yi ba. Ya buɗe ƙofa ya fita da igiya.

Daura da ƙofar akwai shagon mai aski. Igiya ta nuna tsakiyar shagon. Gogan ya yi sallama ya shiga da baro.

Mai aski yana riƙe da kan wani, ya aske rabi. Ya ce, "Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗaga ƙafarka."

"Me kake shukawa a shagona?"

"Ba shuka ba ce. Layi ne. Kana da ƙofar baya?"

"Akwai."

"To ba zan daɗe ba."

Ya shiga ta gaba ya fita ta baya. Ya bi ta ƙarƙashin keken wani tela, telan ya ɗage ƙafafu yana kallo. Ya bi ta garejin wani bakanike, ta ƙarƙashin motar da ake gyara. Bakaniken yana kwance a ƙasan motar, sai ya ga itatuwa suna wucewa ta gefen kunnensa. Ya rufe ido ya sake buɗewa, suna nan.

Mutane suka fara taruwa. Sun ga igiya, sun ga turaku, sun ga mutum ba ya dariya ba ya kuma ba da amsa. Sai wani ya ce ai gwamnati ce za ta fitar da sabon titi. Kafin ka ce me, magana ta zaga unguwa. Ba wanda ya ƙara kusantar ledojin nan. Iyaye suka janye yaransu. Masu babur suka riƙa sauka suna ɗaga babur su tsallake.

Wani mai gidan haya, ƙaton ciki, ya biyo shi da kujera da ruwan sanyi.

"Ranka ya daɗe, Injiniya, a huta mana."

"Ba lokaci."

"Na ga igiyar ta shafi katangata. Ba yadda za a yi a ɗan karkata? Ko taku biyu? Mu ma mun san ya kamata."

Gogan ya shanye ruwan, ya miƙa masa kofi. Ya ce, "Layi ba ya lanƙwasa."

Mai gidan ya koma ya ce wa 'yan hayarsa su fara neman wuri.

Haka ya yi ta safa da baro, ya je lambu ya cika, ya bi ta shagon aski ya dawo. Mai aski ya gaji da tambaya, ya koma riƙe masa labule. Rana ta karkata lokacin da ya ɗauko baron ƙarshe. Layi ya dangana da bayan katangar makaranta, inda aka ɗaure wata akuya a jikin falwaya. Ya ajiye na ƙarshe, ya daidaita shi da igiya. Ya leƙa baro. Babu komai. Ya leƙa ƙarƙashin baro. Babu komai.

Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa. Tunda ya fara aiki a duniya bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

An tashi daga makaranta, malamin ya fito ya ga taro. Ya kutsa, ya ga yayansa, ya ga layi ya miƙe har inda ido ba ya kai.

"Yaya, me ka yi?"

"Na raba ta da ɗaya."

Malamin ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. Ya ce, "A lissafi dai ba ka yi kuskure ba."

Suna cikin haka akuyar ta ja igiyarta, ta miƙa wuya, ta kama dashen ƙarshe. Ganye, kara, har ledar ta haɗa. Kafin gogan ya tashi, sai ƙasa a zube.

Ya ɗora hannu a ka. Ya ce, "Shi ke nan. Ta rushe min lamba."

Malamin kuwa hannunsa ya riga ya kai aljihu. Ya zaro biro ya fara rubutu a bayan hannu.

"Yanzu dubu goma da shida ke nan. Cika ce. Tana rabuwa biyu, kowane layi dubu biyar da uku."

"Sai kuma nawa?"

"Shi ke nan. Dubu biyar da ukun ita ma ba ta rabuwa. Dangin su waccan ce."

"Layi biyu ba za su shiga fili ba."

"Ba za su shiga ba."

Gogan ya dubi akuya. Ya ce, "In ta ƙara ɗaya fa?"

Malamin ya rubuta. Fuskarsa ta washe. "Dubu goma da biyar? Kai, wannan ai 'yar albarka ce. Uku na raba ta, biyar na raba ta, ashirin da uku, ashirin da tara. Layi tamanin da bakwai, kowanne ɗari da sha biyar. Filinku zai ɗauke ta har da wurin wucewa."

"Ba ragowa?"

"Ko ganye."

Gogan ya tashi ya kakkaɓe wando. Ya ɗauki dashen da ke biye, ya matsar da shi gaban akuya.

Malamin ya ce, "Yaya, tsaya! Odar mutum da bakwai take."

"Cewa aka yi kada a ga ko ɗaya a gefe. Ba a yi zancen cikin akuya ba."

Akuyar ta sansana, ta kau da kai. Tana ta tuƙar leda, ba ta sauri. Ya tsuguna ya kaɗa mata ganyen a hanci. Ya share mata ƙasar da ke jiki. Ya ce, "Daure mana, baiwar Allah. Wannan ya fi wancan taushi."

Sai taro ya dare. Ga mai lambu, ga ɗan kwangila a bayansa, takalmi duk ƙasa, suna haki. Sun tarar da fili wayam, sun biyo layi da ƙafa tun daga ƙofa. Bayansu ga mai aski da almakashi, ga tela, ga bakanike, ga mai gidan haya da wata kujerar.

Ɗan kwangila ne ya fara samun numfashi.

Ya ce, "Kai ne mai jerawa?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Layi nawa ne?"

"Ɗaya."

"Nawa ne a cikinsa?"

"Ai yanzu ka taka shi."

A nan idon mai lambu ya sauka kan akuya. Ga baƙar leda tana lilo a bakinta, ga wani dashen a gabanta, ga ma'aikacinsa tsugune yana yi mata tayi. Ya sunkuya ya rarumi dutse.

"Kayan mutane take ci kana kallo? Kore ta!"

Gogan ya yi wuf ya tare gabanta, hannu biyu a buɗe.

Ya ce, "Kada ka firgita ta, Yallaɓai. Ɗaya ya rage mata ta gama aikin."